Baba Na Jiran Tsakinki

Decorah, Iowa
3 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Ardith,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Wendell da yara, kuma sanyin Alaska bai kwantar da kowa ba. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan an gama girbin masara. Ƙafar Goggo Verna ta yi sauƙi har ta koma tuƙi, jama'ar gari sai kauce mata suke yi.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna allon bakin shagon tayarsa? Duk Litinin sai ya hau tsani ya jera haruffan roba, ya murɗe kalma ɗaya ta ba da ma'ana biyu. Shekara talatin da huɗu fa! Wai a wajen Kaka ya gada, shi kuma Kaka a shagon aski ya kwaso. Kin san a garin nan ba a yi wa irin wannan wasa dariya. Tsaki ake ja, a dafe kai, a ce wayyo Orville, ka kashe mu. Direbobin manyan motoci su danna hon, matar fasto ta harari allon, shi ko yana tsaye hannu a aljihu, baki har kunne. A gida ke ce gwanar jan tsakin. Sai ki ajiye cokali ki rantse gobe za ki canza uba. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

To, tun da ɓarin jikinsa ya shanye a watan Maris, magana da ƙyar take fita. Sai ya yi rabin yini yana haɗa wasa ɗaya. In ya furta, kowa ya fashe da dariya, masu jinya har da tafi. Ni ma na yi, kuma kunya ta ishe ni. Ranar Lahadi ya riƙe hannuna ya ce in bari, wai don an ga ya kusa tafiya ne ake masa dariya, mai rai tsaki ake ja masa. Tun ranar bai ƙara yin ko ɗaya ba, abincin ma sai da lallashi. Na gwada jan tsakin, Yaya, sai kuka ya ƙwace mini, na ƙara jagula lamarin.

Don haka kar ki aiko fure ko kati. Ki zo da kanki kafin bikin godiya na ƙarshen watan nan, don likita bai yarda ya ce mini Baba zai kai Kirsimeti ba. Ki taho da rashin tausayin nan naki da na sha fama da shi muna yara, yau ana bukatarsa. Jiya na faɗa wa Baba zan rubuto miki. Sai ya ce in miƙo fensir da takarda. Yanzu haka yana can yana fama da hannun hagu, yana shirya miki wasa ɗaya. Ya hana ni gani, wai ni ba ni da amfani.

Ki gaida Wendell, da yara Corliss da Dale. Goggo Verna na gaishe ki.

Ƙanwarki mai duban hanya,
Marlys