Ƙafar Baba Tela

Litinin, 3 ga Maris

Kwalin ƙafafun roba ya iso daga abokan aikinmu na ƙasar waje. Sumul-sumul, har farce aka zana musu. Na daɗe ina jujjuya ɗaya. Ƙafar wa suke aunawa a can oho. Gobe zan haɗa wa Baba Tela tasa, wata takwas ke nan da yanke masa ƙafa.

Juma'a, 7 ga Maris

Ya dawo da ita a leda. 'Yarsa ta ce tana ƙarƙashin gado tun ranar, har ya fara zancen bayar da keken ɗinkinsa. Na duba dungulmin, ba ciwo. Sai da na matsa ya ce, "'Yata, silifa ba ta shiga. Ni tunda nake ban taɓa sa takalmi sau-ciki ba."

Ashe yatsun a manne suke, ba inda hancin silifa zai ratsa. Ban ma duba ba. Kunya kamar in nutse.

Talata, 11 ga Maris

Taron bidiyo da mutanen can. Likitoci ke magana kullum, mu masu haɗa ƙafa muna baya kusa da ƙofa. Ban san abin da ya hau kaina ba, na cire silifata na ɗaga a gaban kyamara, na ce ba ta shiga ƙafafun da suka aiko. Babban likita ya zabga mini harara.

Wata mai tabarau a can, aikinmu ɗaya ashe, ta matso har hancinta ya cika allon. Kaurin hancin silifa nawa? Da ita ake taka keken ɗinki? Ba ta zamewa? Ni ma na tambaye ta me ke cikin robar, don ina so in tsaga tsakanin yatsun. Ta ce akwai ƙarfe, kada tsagar ta wuce faɗin yatsa biyu. Mun cinye wa likitoci rabin taronsu.

Laraba, 12 ga Maris

Na tsaga. Na maƙala wa Baba Tela, ya gwada silifarsa. Ta shiga.

Alhamis, 20 ga Maris

Baba Tela bai zo a duba shi ba. Na kira 'yarsa, da ƙyar nake jin ta saboda ƙarar keke. Wai in yi haƙuri, ɗinkin mutane ya taru.

Mai Tabarau ta rubuto, tana so in faɗa mata abin da za su gyara kafin kwali na gaba. Na ce ni ba likita ba ce, amma zan duba idan na samu sarari.

Shafi uku na cika zuwa yanzu.