Ɗan Aiken Kawu da Buhu Talatin

Auta,

Bayan gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, amma raina a ɓace yake. Jiya wani dattijo ya zo duba ni a asibiti, ya ce Kawu ya aike shi shagonmu sayen taki buhu talatin, kika ce sai ya nuna katin shaida. Ɗan aiken Kawu, Auta? Kawun da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba? Ki ba shi kaya, ki je ki ba Kawu haƙuri.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kai da hannunka ka manna takardar hukuma a ƙofa: ana haɗa bam da taki, duk mai saye sai an ga katinsa an rubuta a rajista, in ba haka ba a rufe shago a tafi da mai shi. Dattijon ya san ƙafar da ka karya, har sunan da Inna ke kirana da shi ya sani. Ya ce, "Haba 'yata, tsakaninmu?" Kunya kamar in nutse, amma na ce, "Baba, ba ni ba ce, doka ce."

Na je ban haƙurin. Kawu ya ce, "Ni da na sayar da gona bara, a kaina zan zuba takin?" Bai aiki kowa ba. Kai ka san mutumin?

Ƙanwarka.

Auta,

Wallahi ban san shi ba. Sau biyu ya zo. A zuwan farko ya ce abokin Baba ne, na ji nauyin tambayar babba ko shi wane ne. Ni na zauna na zuba masa labarin gida kaf, har da Kawu. Tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga.

Yayanki.

Yaya,

Ci abincinka. Yau da safe jami'an tsaro suka zo da hoton dattijon, suka ce sun kama shi. Sun bi rajistarmu shafi-shafi, babbansu ya rufe ta ya ce, "Madalla." Shagon tsallaken titi da ya sayar masa kuwa an garƙame shi. Suna fita na zauna a kan buhu na yi kuka, na yi hamdala.

Ƙanwarka.

Auta,

Alhamdu lillahi. Ki yafe wa yayanki. Ranar Laraba za a sallame ni, kai tsaye shago zan zo. Katina na aljihu, kada ki hana ni shiga.

Yayanki.