Ba A Yaye A Bukkar Gona

Assalamu alaikum Baban Mansura, maigidana, inuwar ɗorawata da rana tsaka, sanyin randata, raken Danja mai zaƙi har gindi, ruwan farkon damina da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata. Gaisuwa ce daga matarka, uwar 'ya'yanka, wadda tun jiya ko loma ba ta sa a baki ba.

Na kira, na kira, na sake kira, ba ka ɗauka. To tunda ka ƙi jin muryata, ga rubutu. Ka san ni da waya, yatsa ɗaya nake dannawa, amma wallahi ko yatsan zai karye sai na gama faɗa maka abin da ke raina.

Na ji saƙon muryar da ka turo. Na saurara har ban san iyaka ba. Ka ce ka tafi gonarka ta Gozaki, za ka zauna a bukka kai kaɗai, ba za ka sake ɗiga giya a bakinka ba, kuma kar wanda ya neme ka sai ka tsarkaka. Ka ce za ka yaye kanka. Wayyo Baban Mansura! Shekara da shekaru nake roƙon Allah in ji wannan magana daga bakinka. Na roƙa a sujada, na roƙa a bakin murhu hayaƙi na rufa min asirin hawayena. Ga ta yau ta zo, amma maimakon in yi guɗa, tsoro ne ya kama ni.

Na san abin da ya kore ka. Mansura ce da ta dawo Islamiyya tana kuka, wai yara sun ce mata 'yar mashayi. Na ga fuskarka lokacin. Ka zama kamar ganyen tumatir da rana ta dake shi. Da safe na miƙa maka shayi, hannunka na rawa har ya zube maka a riga, ka ce sanyi ne. Wane sanyi, hasken idona? Masara ake karya, zufa kowa ke yi. Ni da na san bugun zuciyarka fiye da nawa, ni za ka ce wa sanyi?

Ka manta Haladu ne? Haladu mai faci, abokin zamanka, wanda ba ka cin tsire sai ka rage masa? Shi ma haka ya yi. Ya ji wa'azi, zuciyarsa ta karye, ya yi rantsuwa ya bari lokaci guda, kowa na sa masa albarka. Ba a jima ba jiki ya fara karkarwa, zufa kamar an watsa masa ruwa, ga amai, ga barci ya ƙaurace masa. Daga nan ya fara ganin macizai a bango, yana kaɗe ƙwari daga jikinsa alhali babu komai. Aka ce iskoki ne. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka danne shi ana karatu. Sai da ya faɗi yana jijjiga sannan aka nemi mota zuwa Funtua. Ranar zaman makoki matarsa Suwaiba ta riƙe hannuna a bayan ɗaki, ta ce likita ya tambaye su ko yana sha, duk suka sunkuyar da kai don kunya, sai da ƙyar ta ce e. Ta ce likitan ya girgiza kai, ya ce jikin da ya daɗe yana sha kullum ba a katse masa haka kwatsam, da tun farko aka kawo shi da akwai magani. Kai ka ɗauki makararsa, Baban Mansura. Da kafaɗarka! Yanzu so kake a ɗauko min taka daga cikin karan masara?

Kar ka juya min magana, ban ce ka koma wa kwalba ba. Allah Ya tsare bakina da faɗin haka. Na tsani abin nan kamar yadda na tsani tsutsar da ke cin zuciyar masara. Barin nake so ka yi, bari na har abada. Amma ina so ka bari kana raye, mu ci moriyar barin tare.

Ka ce yaye. To ni uwa ce, yaye aikina ne, bari in tuna maka. Lokacin da za a yaye ɗanmu Mahadi, a ɗaki muka kulle shi shi kaɗai? A gona muka ajiye shi muka ce in ya manta nono ya dawo? Ba kai ka ɗauke shi a mashin ka kai shi Dayi wajen Tsohuwa, mahaifiyarka, ba? Ta dama masa kunu, ta goya shi, ta yi ta jijjiga shi tana masa waƙa. Kai kuwa ka kasa zama a gida, kullum sai ka ƙirƙiro wani dalili na zuwa Dayi, yau wai ka kai mata goro, gobe wai ka manta hularka. Tsohuwa har tsiya take maka, tana cewa uban ya fi ɗan kukan yaye. Wata rana ka dawo da rake ka zauna kana fere min, kana ba ni a baki don in daina kuka, kai ma idonka jajir. Wannan mutumin nake so. Wannan mutumin giya ba ta cinye ba, yana nan, na sani. Yaron da nono kawai zai bari ka kasa barin sa shi kaɗai, sai kai da za ka rabu da abin da ya shiga jininka?

Asibiti shi ne gidan Tsohuwarka a wannan yayen. Can za su ba ka maganin da zai kwantar da jiki, in da hali su sa maka ƙarin ruwa, ido na kanka har abin ya sake ka. A bukka wa zai gan ka in ka faɗi? Tsuntsaye? Wa zai ɗaga kanka daga ƙasa, wa zai ba ka ruwa? Kai, wayyo ni!

Yanzu ga wadda za ta ɓata maka rai. Na gaya wa ƙaninka Zubair komai. E, komai. Asirin da na rufe da zanena duk shekarun nan, yau na buɗe masa. Ya ce ai ya daɗe da sani, kunyarka ce ta hana shi magana. Ya hau mashin, yana hanyar Gozaki yanzu haka. Don Allah, don darajar iyayenka, in ya iso kar ka kore shi, kar ka ɓuya a cikin dawa. Ka hau bayansa. Ni kuma na sa mayafi, na bar yara wajen maƙwabta, zan shiga motar Funtua in jira ku a ƙofar asibiti. In likita ya tambaya, ba sai ka buɗe baki ba. Ni zan faɗa, kaina a ɗage. Mijina ne, yana sha, kuma ya zo ya bari. Ina abin kunya a nan? In fushi za ka yi da ni, ka yi. Ka shekara ba ka yi min magana ba, na yarda, in dai ina jin tarinka a tsakar gida.

Tun da aka kawo ni gidanku bakina bai taɓa kama sunanka ba, ko a gabanka ko a bayanka. Yau kunyar ta ƙare min, tsoro ya fi ta ƙarfi.

Sada. Sada, ka dawo.

Ni ce taka, da warin giya da babu warin, da rawar hannu da lafiya, yau da gobe har ranar da za a kwantar da ni. Zan tsaya a ƙofar asibiti, ba zan zauna ba sai na ga mashin ɗin Zubair da mutum biyu a kai.

Maman Mansura