Haƙoran Mai Busa Ƙaho

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da keken ɗinkinki.

Haƙorana na gaba sun yi ritaya ba su shawarce ni ba. Likitan haƙori ya ba ni zaɓi: ko na roba mai cirewa, ko dashe, wanda ake kafa wa ƙusa a ƙashin muƙamuƙi. Na gwada na roba. Busa ɗaya na yi wa ƙahona, sai ga haƙora a ƙarƙashin kujera. Ga shi tsofaffin 'yan badujala sun ce ni zan buɗe taron sallamar maigidanmu, shugaban badujalarmu, da busa. Dashe nake so. Likita ya ce sai an auna jinina tukuna, saboda ciwon maƙoƙon nan da garkuwar jikina ta jawo mini.

Ƙwayoyin ƙarfafa ƙashi da kika aiko, kullum da safe nake haɗa su da maganin maƙoƙo in watsa.

A gaida kowa.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Na yi dariya har allura ta soke ni. Ka riƙa shan ƙwayoyin bibbiyu, ƙusa ta sami wurin kamawa. Kuma ka daina yi wa likita gardama, na san halinka.

Allah ya ƙara lafiya.
Auta

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki zauna kafin ki karanta.

Sakamako ya fito. Likita ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni yaushe na daina shan maganin maƙoƙo. Na rantse masa ban taɓa fashi ba. Ya sa na zazzage jakata a kan tebur. Da ya ga ƙwayoyinki sai ya riƙe baki. Ashe in aka haɗiye su tare, su ke tare wa maganin hanya. Duk watannin nan ruwa kawai nake sha da ladabi. Sanyin da nake ji da barcin rana, ni na ɗauka tsufa ne.

Ya ce ba zai huda ƙashina ba sai jini ya daidaita, in ba haka ba dashen na iya ƙin kamawa. Kafin nan an yi taro an watse.

Na fito na zauna a matakala, na rasa hanyar gida.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Innalillahi. Tun da na karanta na kasa zura zare. Ni na yi maka wannan? Ka yafe mini. Ka maƙala na robar da manne ka busa, ko ɗan gajere ne.

Ƙanwarka

Auta,

Ina gaida ki. Ba ki yi mini komai ba, ki koma kan ɗinkinki.

An yi taro. Na sa na roba, na zauna a sahun gaba kamar baƙo. Abokina Dogo ya busa a madadina, ya shaƙe a tsakiya. Maigidanmu ya waiwayo ya neme ni da ido. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Na daina haɗa ƙwayoyin da maganin maƙoƙo, jini ya fara daidaituwa. Zan jira.

Sai na ji daga gare ki.
Yayanki