Bai Ce Kar In Rubuta Ba

Wudil, Litinin

Anti Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya yara? Kin san magana a waya rikita ni take yi, shi ya sa na ba direba takarda.

Akwai wani Nu'uman a ajinmu a jami'a. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba da na ce likita ya tabbatar ina da galahanga. Ya ce yana sona. Amma in na fara kaɗa hannuwana sai ya damƙe su, wai ina ba shi kunya. Yana karɓar wayata ya karanta saƙonni. Ya ce babu namijin da zai iya da irina sai shi. Gaskiya ne? Ni ba na bambance wasa da gaske a fuskar mutum.

Ranar Asabar yana so in same shi a ɗakin abokinsa a Sabon Gari. Ya ce kar in faɗa wa kowa. Bai ce kar in rubuta ba. Tun jiya nake zagaya tsakar gida, na kasa zama.

'Yarki,
Yusra

Kano, Laraba

Yusra 'yata,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Zan faɗa miki kai tsaye, yadda kika fi ganewa.

Kar ki je. Ƙarya yake yi, masu sonki suna da yawa. Duk wanda ya ce ki ɓoye shi ga iyayenki, akwai abin da yake nufi da ke. Ki nuna wa Ummanki wannan takardar yau, kar ki bari sai gobe. Shi kuma ki ce masa ya zo gida ya gaida Abba.

Allah Ya tsare min ke.
Antinki

Wudil, Lahadi

Anti,

Barka da war haka. Ban je ba. Na ce ya zo gida, sai ya ce, "Wa zai je gidan su mahaukaciya?" Wannan karon na gane, ba wasa yake ba. Umma ta yi kuka, Abba ya ce gobe zai je makaranta. Na toshe lambar Nu'uman.

Amma Anti, har yanzu ina duba wayar. Ina kewarsa. Yaushe abin yake dainawa?

Yusra

Kano, Litinin

'Yata,

Ina gaishe ki. Ban san ranar ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yana dainawa. Ina nan tafe ranar Juma'a, zan kwana biyu a ɗakinki.

Ki huta lafiya.
Antinki