Gadon Madina a Gonar Tirwun

Ɗan Iya, Bauchi.

Zuwa ga Yaya Khadijatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, 'yarki Juwairiyya ta dawo daga karatu da na'urar ɗaukar hoto, na yi murna na ce za ta riƙa zuwa gidajen biki. Ashe ba haka ba ne. Wai ita mafarkin mutane take ɗauka. Mafarki fa! Na tambayi ta inda ake shiga kan mutum, sai ta yi dariya ta ce in ba ta nawa mafarkin.

Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Tun rasuwar mahaifiyarta Madina nake ganinta a barci, zaune kan gadonmu na ƙarfe a tsakiyar gonar masara, ta ba ni baya, tana ɓare gyaɗa a cikin hulata. Nan kaɗai nake ganinta, kuma ya ishe ni.

Washegari sai ga mota a ƙofar gida. Aka ciccibi gadon har gonarmu ta Tirwun, ni ma ina riƙe da ƙafa ɗaya, manoma suka saki aiki suna kallonmu. Maƙwabciyarmu Roda, aminiyar marigayiya, ita ta ɗaura zanen Madina ta zauna kan gadon a madadinta. Wallahi har yanzu ban gane aikin ba.

Ƙaninki,
Ladan.

Zuwa ga Yaya Khadijatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ruwan bana bai yi muku ɓarna ba.

Hoton ya fito, ga shi a bangon ɗakina. Komai ya yi daidai, har lanƙwasar bakin hular. Juwairiyya ta ce masu baje kolin hotuna a Legas suna so. Na ce to, don ban san me zan ce ba.

Amma Yaya, tun ranar da aka kai gadon gona mafarkin ya ɗauke. Na maido gadon inda yake, na ajiye hular a gefen filo, shiru. Na juya hoton ya kalli bango, shiru. Abin da ya fi tayar mini da hankali, in na rufe ido ina neman bayan Madina, bayan Roda nake gani. Yarinya ba ta yi da mugunta ba, ni kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Jiya na tambaye ta wani abu game da uwarta, sai hawaye. Ita ma ta manta.

Don haka nake roƙonki, ke da kika daɗe kina yi mata kitso. Tawadar Allah da ke bayan wuyan Madina, a dama take ko a hagu? Don Allah ki amsa da wuri.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Ladan.