Kwalbar da Na Sayo wa Sakinatu

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

Gero ya kai gwiwa duk da babu taki. Cikin Sakinatu matata ya shiga wata takwas. Bayan shekarun da muka yi muna jira, har yanzu in na ga ta taho tana dafe ƙugu sai dariya ta kama ni. Ta ce in ban daina ba za ta kai ƙarata wurin Inna.

Abu ɗaya ne ke damunta, tari. Itace ya yi tsada, wanda muke samu ɗanye ne, madafa sai hayaƙi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na sayo mata magani a kasuwa, wurin wani mai talla a baro. Daga ƙarƙashin buhu ya zaro kwalbar, ya ce wannan ba kowa yake ba wa ba. Cokali ɗaya ta sha bayan azahar, ta yi barci har la'asar ta kusa wucewa. Ko tari ɗaya. Na ji kaina wani babban maigida.

Litinin, 15 ga Yuli

Ta ƙara sha. Da yamma ta ce, "Malam, yau ɗan nan bai dame ni da shuri ba." Tana murmushi ta faɗa, amma hannunta bai bar cikin ba. Tuwo ya ƙi wuce mini.

Talata, 16 ga Yuli

Na ari babur ɗin Badaru maƙwabcinmu na kai ta awo, ta tafi da kwalbar. A waje na tsaya, don wurin na mata ne. Can sai ga ma'aikaciyar, Malama Asiya, ta leƙo riƙe da kwalbar tana tambayar wane ne mijin Sakinatu. Ina ji ina gani na ratsa matan nan, kowa na kallona.

Ba ta yi faɗa ba. Ta nuna mini rubutun jikin kwalbar, ta ce akwai kodin a ciki. Abin da uwa ta sha yana isa ga ɗa. In aka jima ana sha kusa da haihuwa, jariri kan zo da wahalar numfashi, ko ya saba da shi tun a ciki. Na ce cokali biyu ta sha. Ta ce, "To a tsaya a nan. Zo ka ji."

Ta ɗora wani ɗan inji a cikin Sakinatu. Bugun zuciya! Da sauri, kamar ana tsere. Ban san na zauna ba sai da na ji ni a kan benci. Sakinatu na ta yi mini dariya, hawaye na bin kuncinta.

An auna ƙirjinta, ba komai, hayaƙi ne. Zuma da lemon tsami a ruwan ɗumi, kuma ta bar madafa. In tarin ya ƙi ko zazzaɓi ya zo, mu koma.

Alhamis, 18 ga Yuli

Inna ta karɓi girki. Na fitar da murhu tsakar gida na yi masa rumfa. Karkatacciya ce, amma tana tsaye.

Juma'a, 9 ga Agusta

Mace. Da ƙarfinta ta zo, daga bakin ƙofa na ji kukanta. Alhamdulillahi.

Juma'a, 16 ga Agusta

Yau suna, Furera. Ba mu iya rago babba ba, amma kowa ya ci ya yi addu'a. Inna ta ce hancina ne, Allah ya sa ta gyara shi da girma.

Laraba, 4 ga Satumba

Mura ta kama mai jego. Inna ta karɓo ƙwayoyi a maƙwabta, ƙanana rawaya, masu sa barci. Na ce a dakata. Ta dube ni, ta ce, "Muntaka, ni da na haife ku?" Na durƙusa na ce ba raini ba ne, Inna, tambaya kawai zan yi.

Na kira Malama Asiya, na karanto mata sunan. Ta ce wannan bai kai kodin haɗari ba, kodin kam mai shayarwa ba ta taɓa shi. Amma shi ma yana bi ta nono, yarinya na iya yin barcin da za ta ƙi tsotso, nonon ma kan ragu. Akwai wanda ba ya sa barci, in hancin ya matsa in je ta rubuta mini. Zuma kuma uwa kaɗai, kada a lasa wa jaririya.

Inna na ji, don na buɗe muryar wayar. Ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zani, ta ɗora ruwan zafi.

Talata, 24 ga Satumba

Rigakafi. Ni na riƙe Furera aka yi mata allura, don Sakinatu ta kasa kallo. Ba wani abu ba ne.

Da yamma Badaru ya ja ni gefe, wai matarsa na da ƙaramin ciki, ga kwalba ya sayo, in duba masa. Na ce ni ba likita ba ne, ya ajiye ta, Talata mai zuwa mu tafi tare har matar. A majalisa yanzu ungozoma suke kirana. Na ɓata rai dai. Amma da Dabo, ɗan majalisar tamu, ya kira ni haka daga nesa, na waiga.